Filafilin Baba

Wata safiyar Asabar, a damunar da na gama aji uku na lekol, Baba ya tsayar da kwale-kwalenmu a tsakiyar Binuwai, ƙasa da gadar Garuwa, ya luma filafili cikin ruwa, ya kama ƙeyata ya manna kunnena a kan ƙotar. Haka masuntan unguwarmu suke yi kafin su jefa raga, itacen ne ke kawo musu abin da ke gudana a ƙasan ruwa. Baba yana bambance kukan kurungu da motsin giwan ruwa, tun daga nesa kuma yake jin gurnanin dorina ya juya jirgi. Ni kuwa wallahi ban ji komai ba sai wani shuuu kamar tukunya na shirin tafasa. Amma da na ga yadda ya zuba mini ido, sai na ce na ji. Har gida yana murmushi, ya gaya wa Inna ɗanta ya gaji kunne.

Ashe nasa kunnen ne ya fara mutuwa. Sai Inna ta kira shi sau uku kafin ya waiwayo, kiran sallah ma sai ya ga mutane sun miƙe. Shi ya sa duk ranar da babu lekol, yara suna ƙwallo a kan yashi, ni ina jirgi ina kwarfe ruwa da gwangwani, shi yana miƙo mini filafili. Yakan ce, "Ka yi shiru tukuna, za ka ji." Maimakon ruwa, fuskarsa na koyi karantawa, abin da na ga yana so shi nake faɗa.

Ranar da abin ya faru hantsi ya dubi ludayi, raga ba ko kifi ɗaya. Shanun Fulani da ke shan ruwa a gaɓa suka ɗaga kai lokaci guda, suka miƙe kunnuwa, balbelu suka watse sama. Baba ya gani, ya miƙo filafili. Na saurara, shuuu ɗin nan dai. Na san yana son jefa raga a wurin, na ce babu komai. Ba mu yi nisa ba dorina mai ɗa ta taso ta ƙarƙashinmu, ta raba jirgin biyu. Makiyayan ne suka jawo mu gaɓa, ƙafar Baba a karye. Bai sake shiga ruwa ba.

Na yi ta jiran zagi, ko duka ma, da ya fi mini sauƙi. Yana kwance a tabarma ya kama hannuna ya ce, "Ba laifinka ba ne, mai ɗa takan yi shiru. Kada ka bar filafilin." Shekara shida yana gaya wa maƙwabta kunnena ya fi nasa, har Allah ya yi masa rasuwa ban iya buɗe baki na faɗa masa gaskiya ba. Abin yana cin raina har gobe.

Yanzu moto, wato babur, nake tuƙawa a cikin gari, kogin kuwa ƙarar injin masu ɗibar yashi ta cika shi, tsofaffin da suka iya sauraro duk sun tafi. Bara ɗana ya ga filafilin a jingine a ɗaki, ya nace sai na nuna masa. Na kai shi bakin ruwa, na manna kunnensa kamar yadda aka yi mini. Ya ɗago ya kalli fuskata, ya ce ya ji. Kuma babu wanda ya rage a Garuwa da zan tambaya ko gaskiya ya faɗa.