Ranar da Mai Tiyo Ya Cire Takalmi

Shekara ashirin da shida Baba Mai Tiyo yana ba ciyawar filin golf ruwa ba takalmi, har tafin ƙafarsa ya haddace kowane gangare. Manyan mutane kan gaishe shi kamar yadda ake gaida famfo.

Da aka ba ma'aikata damar shiga gasar shekara, ya fito da tsohuwar sandar buga ƙwallon golf da ya tsinta. Matarsa ta ce, "Maigida, kai da ko kaza ba ka iya jifa?"

Surukinsa ya ara masa takalmin wasa, don kada a ji kunya. Takalmin ya toshe masa ƙafa, ya daina jin gangaren ƙasa, da ƙyar ya kai ramin ƙarshe kunnen doki da wani babban lauya. Saura bugu ɗaya: ko kofi, ko dariyar gida.

Baba ya cire takalmin, ya taka ciyawar zuwa bakin ramin, ya dawo. Ya buga can hagu, 'yan kallo suka dafe kai. Ƙwallon ta bi gangare ta yi kwana, ta faɗa ramin.

Lauya ya ce a duba doka. Aka duba, babu zancen takalmi.

Matarsa kuwa ta shaida wa maƙwabta cewa ita dama ta faɗa.