Jaji Wanzami da Hotunan Shugabanni

Duk namijin da ya tashi a Birnin Gwari zamanin Turawa, kansa ya taɓa shiga hannun Jaji wanzami. Aski ne, ƙaho ne, kaciya ce, tsagar jarirai ce ranar suna, har Tabanni da Kutemeshi ake aikowa a kira shi. Hannu kam Allah ya ba shi. Hankalin ne dai ba a cika masa mudu ba.

Da jam'iyyar masu neman Turawa su tattara su tafi ta iso garin, Jaji ya faɗa ciki tsundum. A lokacin, duk wanda 'yan doka suka rufe saboda jam'iyya, ranar fitowarsa sai ka ji guɗa, ana ɗaga shi a kafaɗa. Salmanu tela, shugaban reshe, tunda ya shiga ya fito har tafiyarsa ta canza. Jaji kuwa ko harara ɗan doka bai taɓa yi masa ba, kuma wallahi abin yana ci masa rai. Shi ba muƙami yake so ba. So yake a kama shi, ko da kwana ɗaya ne, a ce shi ma ya sha wuya saboda ƙasa.

Rannan motar Kaduna ta sauke hotunan shugabannin jam'iyya guda uku. Salmanu ya tara mutanensa ya ce an hana kafa su, wanda aka gani da su gidan yari zai kwana. "To, wa zai ajiye?" Kowa ya shiga sosa ƙeya. Jaji ya yi wuf ya karɓe, ya cusa a zabirar askinsa, bakinsa har kunne.

Sai da ya isa gida ya baje su a tabarma ya ƙare musu kallo. Subhanallahi! Manyan mutane, ga rawani ga gilashi, amma fuskokin sumul, ko ɗan bille babu. Tausayi ya kama shi. Yaya za a yi mutum ya ja ƙasa guda alhali ba a san ɗan gidan wa ne ba? Ai sai a raina su. Ya wasa aska, ya yi bismilla, ya zuba wa kowannensu tsaga a kumatu, ya goga baƙin tukunya ta fito raɗau. Da yake ba zai zaɓa musu ta banza ba, sai ya yi musu irin ta gidansu, wadda ke fuskarsa.

Ranar kasuwa ya rataye su a rumfarsa, ya ɗaure ɗan ƙunshin kayansa, ya yi sallama da iyali, ya zauna jiran kamu.

Can sai ga Kofur Labaran ɗan doka, da jar hula da kulki. Ya tsaya ya dubi hotunan, ya dubi Jaji, ya sake duban hotunan.

"Ikon Allah, Jaji! Ashe kana da 'yan'uwa 'yan boko ba mu sani ba?"

"Wane 'yan'uwa, Kofur? Shugabanninmu ne! Su ne aka hana. Ga hannuna, ɗaure."

"Kai, raba ni da wasa. Waɗanda aka nuna mana a ofis ba su da tsaga. Waɗannan kuwa ko makaho ya shafa ya san jininka ne. Dubi na tsakiyar nan, ai baffanka ne sak."

Jaji ya rantse, ya maimaita, har ya zagi Turawa da ƙarfi don dai a samu dalili. Kofur ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce rana ce ta buge shi. Daga nan ya cire hula ya zauna a buzu, ya ce tunda ya zo a ɗan gyara masa ƙeya. Haka Jaji, idanunsa cike da ƙwalla, ya aske shi.

Salmanu da ya zo ya ga aika-aikar, salati kawai ya yi ya juya. Ba a sake ba Jaji ajiyar ko tsinke ba. Mutanen gari kuwa sai suka mai da abin gaisuwa: "Jaji, ya 'yan'uwa na birni?"

Da mulkin kai ya ƙarato aka shirya taro a bakin kasuwa, aka ce waɗanda suka taɓa shiga gidan yari su ne za su zauna a benci na gaba. Tun da hantsi suka yi layi a rumfar Jaji, kowa yana son ya fito fes. Ya aske su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe Salmanu ne. Da ya miƙe yana karkaɗe riga, Jaji ya riƙo hannunsa, ya yi ƙasa da murya.

"Shugaba, tsakani da Allah, ai na nemi a kama ni."

"Na sani, Jaji," in ji Salmanu. "Amma bencin ya cika."