Ranar da Na Faɗi Sunanta

Shekararta huɗu a duniya ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar mijina ta ci, kunya biyu ke nan a kaina. In ina nemanta sai in ce "ke", in ina zancenta sai in ce "yarinyar nan". Ita kuwa Yaya take ce mini, kamar yadda ta ji ƙannen mijina suna faɗa. A Damagaram babu mai ɗaga kai don wannan. Da wannan al'ada na zo Jidda cikin kayana.

Lokacin muna zaune a unguwar Bani Malik, ina ɗinki a wani shagon mata a Sharafiyya, daga safe har la'asar. Wata Hajiya 'yar Sudan, Bahaushiya, ita ke riƙe yaran ma'aikata a falonta, ana biyanta wata-wata. Kuɗin yini cur ya kusa cinye albashina. Maigidan ya duba ya duba, ya ce in an gama aikin hajji za a ba wata 'yar'uwarsa yarinyar ta kai ta gida wurin kakarta. Na ce to, don uwar kirki ba ta nuna damuwa kan ɗan fari. Sai na shiga banɗaki na saki famfo na yi kukana.

Hajiya ce ta kawo dabara. Ta ce akwai rauda ta gwamnati a bayan layinmu, makarantar ƙananan yara, kyauta ce daga safe zuwa kafin azahar. 'Yan ƙasa ake fara ɗauka, amma in kujera ta rage ana duba baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama. In yarinyar ta samu, rabin yini kawai zan riƙa biyanta, wannan kuwa ina iyawa.

Muka tafi da yarinyar ranar Asabar, ni da takardu, Hajiya da bakinta, don Larabcina na kasuwa ne. Shugabar makarantar ta juya takardun, ta ce kujera ɗaya ta rage. Sannan ta dube ni ta saman tabarau ta tambayi sunan yarinyar.

Na nuna mata takarda da yatsa.

Ta ce ta ga takarda, ni take tambaya. Na sunkuyar da kai. Ta ce, to 'yata ce? Bakina ya riga hankalina, na ba ta amsar da nake ba kowa: "Ta gidanmu ce." Matar ta ajiye alƙalami. Ta jawo yarinyar ta nuna ni, ta ce wace ce wannan? Ja'irar ta washe baki ta ce, "Yaya!"

Hajiya ta shiga bayani, hannu na tashi, awarwaro na ƙara. Shugabar ta saurara har ƙarshe, ta ce ba ta ƙaryata kowa ba, amma ta sha ganin an kawo ɗan wani da takardar wani. Ba za ta ba da kujera ga yarinyar da uwarta ta kasa faɗin sunanta ba. Ta fara turo mini takardun.

Hajiya ta juyo kaina da Hausa. "Ke 'yar nan, halas! Kunyar taki za ta hau jirgi ta raka ta? Surukar taki na Damagaram, ba ta jin ki. Yalla, buɗe baki!"

Haushi ya kama ni, na Hajiya, na matar, har da na yarinyar da ke ta wasa da gefen abayata ba ruwanta. Sai na hango yarinyar a raina, a filin jirgi riƙe da hannun wata. Na dafe takardun kafin su iso bakin tebur. Na ce da Larabcina na sayen tumatir, "Binti ce. Ni na haife ta." Na faɗi sunan, da na ubanta, da na kakanta, da ƙarfin da har mai shara ta leƙo.

Shugabar ta yi dariya ta ɗauki alƙalaminta. Hajiya ta rangaɗa guɗa a ofishin mutane, sai da aka ce mata don Allah.

Shekara biyu ta yi a raudar. Hajiya na ɗauko ta kafin azahar, ni ina biyan rabin yinina ina taƙama, maganar tafiya gida kuwa ba a sake tayar da ita ba. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne hanyarmu ta komawa ran nan. Tana ta satar kallona, har muka zo gaban mai gasa burodin tamis. Nan ta ja mini abaya.

"Yaya, ashe kin san sunana?"

Na ce na sani mana.

Ta ce, "To sake faɗa."

Na waiga, babu wanda ya san ni a layin. Na sake faɗa.