Afra Mai Bin Bayan Ayari

Duk Asabar ɗin lokacin sanyi, tun gari bai gama wayewa ba, Afra Zangerl za ta buɗe tagar kicin ta leƙa kan duwatsu. Ba kyan gari take kallo ba. Dubawa take ko iska na kwasar dusar ƙanƙara daga ƙoƙuwar dutse tana jibgewa a ɗaya gefen, don wadda iska ta jibge ita ce mai cin mutane. Sai ta kunna rediyo ta ji abin da masu lura da zaftarewar ƙanƙara suka ce, ta cika filas da shayi, ta yanka burodi da cuku, ta cusa shebur da sandar caka ƙanƙara don lalubo wanda ya binne a jaka. Kafin ƙararrawar coci ta buga tana bakin gada, inda 'yan ƙungiyarmu ta hawan dutse da katakon zamiya suke taruwa.

Ba ita ce jagora ba. Jagora yayanta ne, Kassian kafinta, mai ƙatuwar murya da dariya, shi ke fasa hanya kowa na bin sawunsa. Afra ita ce ta ƙarshe a layi, tun tana budurwa har ga shi furfura ta cika mata kai. Wanda numfashi ya ƙare masa, ita ce ke tsayawa da shi. Wanda fatar da ke hana zamewa wajen hawa ta ɓalle daga ƙarƙashin katakonsa, ita ce ke durƙusawa cikin sanyi ta liƙa masa. Gallus mai burodi har gobe yana ba da labarin ranar da ta juyo da su gida, gicciyen da aka kafa a ƙoƙuwar dutse na gabansu suna kallo, don kawai ta ji ƙanƙara ta yi wani gurnani a ƙarƙashin ƙafarta. Ya ce mako guda bai gaishe ta ba, ita kuwa ko a jikinta, burodinta kawai take saya ta wuce.

Kowa a kwarin nan ya san na'urar ƙirji, amma bari in faɗa saboda masu zuwa mana daga birni suna rataya ta kamar abin ado. Maɓallinta fuska biyu gare shi. In ka murɗa shi wajen aikawa, tana sanar da inda kake ko da kana binne. In ka murɗa wajen nema, sauraron na wasu kawai take, kai kam babu mai jin ɗuriyarka. Al'adarmu a bakin gada, jagora zai sa tasa a nema, kowa ya wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙara yana cewa wuce. To, a nan gizo ke saƙar: mutumin da ya duba kowa, wa zai duba shi ya tabbatar ya mayar da tasa wajen aikawa? Wannan aikin Afra ta ɗora wa kanta, ba tare da kowa ya sa ta ba.

Ranar da nake son ba ku labari, an kwana biyu ana zuba ƙanƙara da iska, sannan rana ta fito tas. Irin wannan safiyar ce ke raba mu da hankalinmu. Kassian ya hango 'yan kwarin maƙwabta sun riga mu fita, zuciyarsa duk ta tafi ga kada su ɓata masa sabuwar ƙanƙara. Ya duba kowa sama-sama, ya ja zif, ya juya zai wuce.

"Yaya, tsaya," in ji Afra. "Na'urarka shiru take."

"Haba Afra! Tun kina fitsarin kwance nake hawa dutsen nan."

"Na sani. Buɗe in gani."

Gallus ya ce, "Ke ƙyale shi mana. Wannan ko ƙanƙara ta haɗiye shi sai ta tofo shi, ɗaci gare shi."

Kowa ya kwashe da dariya, ban da ita. Ta gitta katakonta a kan nasa ta tsaya ƙyam. Ga baƙi a cikin ayari, ga shi yayanta ne, ta san kunyar da take ba shi, amma ba ta ɗaga ƙafa ba. Ya yi tsaki ya zuge rigar. Maɓalli na kan nema. Ya murɗa shi yana ƙunƙuni, tata ta ɗauki ƙara.

"To, hankali ya kwanta, ranki ya daɗe?"

"Ya kwanta. Mu tafi."

Wajen hantsi suka iso babban gangaren da ke ƙarƙashin wuyan dutse. Fari fat, sumul, ko sawun tsuntsu babu. Afra ta tuna iskar da aka kwana biyu ana yi. Ta ce a juya. Kassian ya ce wannan ɗan tsallaken ne kawai, daga can sai doron dutse, babu abin tsoro. Da ta ga ba zai ji ba, sai ta ce to ɗai-ɗai za a tsallaka, sauran su laɓe bayan ƙaton dutsen nan su zuba wa mai tafiya ido. Wannan kam ya yarda, ya ce shi zai fara.

Ya kai tsakiya ke nan aka ji ƙara kamar an yaga sabon yadi. Tsaga ta ruga a saman kansa daga wannan gefe zuwa wancan, gangaren gaba ɗaya ya ɓalle ya taho. Suka ga jar rigarsa ta nutse, ta ɓullo, ta sake nutsewa. Hayaƙin ƙanƙara ya turnuƙe kwarin, da ya lafa sai shiru. Wallahi shirun nan ya fi ƙarar ban tsoro.

Wata baƙuwa ta fasa ihu. Afra kuwa sandarta na nuna daidai inda ta ga jar rigar a karo na ƙarshe. Ta daka musu tsawa: "Ke, bar kuka ki kira masu ceto! Kowa ya murɗa wajen nema!" Na'urarta ta ɗauki ƙara nan take, har ta ɗauka Kassian ne, ashe Gallus ne kusa da ita, ya sandare baki buɗe, tasa na ta aikawa.

"Gallus! Kashe mini ɗan'uwa za ka yi?"

Ta cakumi ƙirjinsa ta murɗa masa da kanta. Na'urarta ta yi tsit. Ta gangara kan tarin da ya zubo, wanda ya riga ya daskare kamar siminti, tana tafiya tana karkata hagu da dama, babu ƙara. Wanda ke binne iskarsa ba ta da yawa, kuma ta san haka fiye da kowa. Anya ya murɗa maɓallin har ƙarshe? Ko dutse ya fasa na'urar? Me za ta je ta gaya wa matarsa Hedwig, wadda yanzu haka tana can tana ɗora miyar sha'ir? Tana tafe tana kiran sunansa tana zaginsa, hawaye na daskarewa a kumatunta.

Can sai ƙara, siririya. Lambar da ke fuskar na'urar, mai nuna nisa, ta fara raguwa. Ta zube a gwiwa tana rarrafe, tana jan na'urar a kan ƙanƙara, ta wuce har lambar ta fara hawa, sannan ta dawo baya inda ta fi ƙanƙanta, don haka ake gane ainihin wurin. Ta caka sanda, dutse. Ta sake cakawa, dutse. Ta matsa kaɗan ta caka, sandar ta dira kan abu mai laushi.

"Nan ne! Ku haƙo ta gefen ƙasan gangare, kada wanda ya taka kansa!"

Gallus ya yi haƙa yana kuka kamar yaro. Safar hannu ta fara bayyana, sannan kafaɗa, sannan fuska, ta yi shuɗi, bakin cike da ƙanƙara. Afra ta sa yatsu ta ƙwaƙule. Babu motsi. Ta jijjiga shi ta ce, "Yaya, kada ka yi mini haka, don Allah!" Sai ya ja wani numfashi mai ƙara, ya shiga tari. Lokacin da jirgin masu ceto ya iso, tana rungume da kansa cikin rigarta. Ƙugunsa ya karye, bai sake jan ayari ba, amma yana raye.

Afra, ke ce garkuwar baya, mai idon da ba ya ƙiftawa. Ke ce kika yarda a kira ki mai tsoro, mai ɓata wa mutane Asabar, don dai kowa ya koma gida ya ci abincin dare. Da kin ji kunyar yayanki a bakin gada, da sai bazara ƙanƙara za ta ba mu gawarsa. Da kin bari an tsallaka a dunƙule, da babu wanda zai rage ya riƙe shebur. Bana gwiwoyi sun ce sun gaji, kin rataye katako, kuma ni dai ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji. Mun gode, Afra. Allah ya ƙara lafiya, ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu ƙarfi a jika, kowa so yake ya fasa hanya a gaba. Ku samu mai tsayawa a baya, ku duba mai duba ku, in ya ce a tsaya ku tsaya ko da kakanku ne jagora. In kuna ganin aikin raini ne, ga abin da Kassian ya faɗa ranar walimar sallamarta, yana dogare da sanda.

Ya ce, "A can ƙasa ana jin komai. Ko yatsa ba na iya motsawa, amma na ji takunta ta zo daidai kaina. Sai na ji ta wuce. Na ce shi ke nan, ba ta gane ni ba, na fara addu'ar ƙarshe." Ya goge ido da bayan hannu, Hedwig na riƙe da gwiwar hannunsa. "Sai na ji ƙanwata ta juyo."