Tayi Ɗaya Ankul Yake Yi

Shekarun baya, bayan na gama digiri na biyu a fannin injiniya a Kuala Lumpur, na shiga wani irin zama da har yau ban san sunan da zan ba shi ba. Karatu ya ƙare, takardar shaida ba ta fito ba. 'Yan ajinmu duk sun watse. Ni kuwa, don tsoron kada in tafi wani abu ya ɓace a ofis, na ce ba inda za ni sai na riƙe takardar a hannuna. Ɗakina yana can saman wani dogon bene a unguwar Cheras. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba, in ban da matar da nake sayen shinkafa a wurinta, ita ma "tapau" kawai nake ce mata, wato ta ƙunshe min in tafi.

Wata rana ina dawowa daga tashar jirgin ƙasa ta MRT, na bi ta wani layi da ban saba bi ba, sai na ga fiffiken jirgin sama a garejin wani gida. Na tsaya ina kallo kamar baƙauye. Wani dattijo ɗan asalin China ya ɗago kai ya ce, "Kallo kyauta ne, amma in ka riƙe min nan zai fi."

Kowa a layin Ankul yake ce masa. Ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ƙasashen waje. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, a akwatuna ya zo masa gunduwa-gunduwa, ya haɗa abinsa da hannunsa. Ya kwance fiffiken ne ya kawo gida don ya ƙara masa tankin mai, saboda tafiya mai nisa. Daga ranar na samu wurin zuwa. Aikina in tokare wani ƙarfe ta ciki, shi kuma yana dasa ƙananan ƙusoshi ta waje. Kowace ƙusa sai na duba na sake dubawa, har ya kan ce, da "lah" ɗin nan da 'yan ƙasar ke manna wa magana, "Ya isa lah, ba ido muke wa aiki ba."

Yana da wani amini, dattijon Malay da muke kira Pak Cik, shi ma ya haɗa nasa jirgin. Duk Asabar muna haɗuwa a mamak, shagon shayi da abinci na unguwa, kuma gardamar ɗaya ce: wane jirgi ya fi dacewa da doguwar tafiyar shaƙatawa? Na Ankul na ƙarfe ne, fiffikensa a sama, kujerun gefe da gefe. Ba shi da sauri, amma kana cikin inuwa, kana ganin ƙasa sosai, kuma zai iya sauka ko a ɗan gajeren fili mai ciyawa. Na Pak Cik na faiba ne, wata irin roba mai ƙarfi, sumul-sumul, fiffike a ƙasa, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya. Yana gudu, yana riga hadarin la'asar isa, sai dai rufinsa gilashi ne, ba ya ɗaukar kaya da yawa, kuma ba ya sauka sai a dogon titi mai kyau.

"Kafin naka ya isa tsibirin Langkawi," in ji Pak Cik, "na ci abinci, na yi salla, na yi barci."

"Ka iso a gashe dai," in ji Ankul. "Kuma baiwar Allah matarka ƙeyarka kawai take kallo tun daga nan har can."

Sai su juyo gare ni, wai ni ne injiniya, in raba gardama. Ni kuwa in fara: ya danganta da iska, ya danganta da nauyi, ya danganta da abin da ake nufi da nisa. Ba a daɗe ba suka sa min suna Malam Ya Danganta. A gaskiya na kwana biyu ina karanta bayanan jiragen nan, kuma kowanne na karanta sai in ga yana da hujja.

Da aka mayar da fiffiken, masu dubawa suka duba suka amince, sai dattijan biyu suka yanke shawarar gwadawa a aikace. Za su tashi tare su yi arewa har Langkawi, su zagayo ta gabar gabas, suna kwana a hanya. Pak Cik da matarsa. Ankul shi kaɗai.

Muna wanke hannu a garejin Ankul ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kujerar dama ba kowa. Ka zo mu je lah."

Wallahi ba na jin na taɓa son wani abu kamar yadda na so kujerar nan. Amma mahaifiyata ta raine mu a kan cewa in babba ya yi maka tayi, ba ka cafkewa. Sai ka noƙe, ya sake, ka sake noƙewa, ya ɓata rai, sannan ka karɓa kamar an tilasta ka. Don haka na ce, "Haba Ankul, kada in takura maka. Ga nauyina ma, zai rage maka nisan tafiya."

Ya ce, "Okay lah." Ya goge hannu ya shiga gida.

Na yi ta jiran tayi na biyu. Na zo washegari, na zo jibi, na share garejin da ba a ce in share ba. Bai sake tayar da maganar ba. Na je unguwar Sri Petaling wurin abokina ɗan Jos mai sayar da wayoyi, na ba shi labari. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mutumina, nan ka ɗauka Kano ce? A garin nan in ka ce ka ƙoshi, ɗauke kwanon ake yi. Ka koma ka ce masa Ankul, boleh, wato to, zan je. Shi ke nan fa!"

"To in ya riga ya yi wani shirin fa?"

"Kai dai da in-in ɗinka. Abeg, ka je."

Ban je ba. Na ga kamar roƙo zai zama.

Ranar tafiyar na raka su ƙaramin filin jirgin da ke wajen gari. Na leƙa ta tagar jirgin na ga Ankul ya ɗora jakar kayansa a kujerar dama, ya ɗaure ta da bel kamar mutum. Jirgin Pak Cik ya tashi fuu ya ɓace. Na Ankul ya ɗaga a hankali, na daɗe ina hango shi. Sannan na nemi mota na koma ɗakina.

Da suka dawo, gardamar ba ta mutu ba. Pak Cik ya riga shi isa ko'ina, amma ya yi ta zaman jira, Ankul kuma ya sauka a wuraren da ɗayan bai isa ya sauka ba. Da muka keɓe, Ankul ya ce min tafiyar ta yi kyau, sai dai shiru ya yi yawa. Sannan ya ce, "Ban ji haushi ba, ka sani. Tsoho ne ya haɗa jirgi a gareji. Kai ka yi karatun abin, in ba ka yarda da aikin ba, ka fi ni sani."

Ashe duk kwanakin nan abin da yake ɗauke da shi ke nan. Na yi ta inda-inda har na bayyana masa yadda muke yi a gida. Ya kalle ni ya ce, "Wato sau nawa ya kamata in tambaya?" Na ce ya danganta. Ya yi dariya har da tari, ya ce in damina ta wuce za mu tashi, kuma a ƙunshe zai sa ni a jirgin, ba tambaya.

Damina ba ta wuce ba takardata ta fito, bizata kuma ta zo ƙarshe.

Ba na cewa tarbiyyar mahaifiyata kuskure ce. Kawaici abu ne mai kyau, ina jin, a inda aka san shi. Amma ban taɓa tunanin cewa noƙewar da nake yi don girmama mutum za ta iya isa kunnensa a matsayin raini ba. Mu biyu ne a unguwar nan ba mu da abokin hira, kowa yana zaton ɗayan ne ba ya so.

Sau ɗaya na ratsa samaniyar Kuala Lumpur da rana, a babban jirgin da ya mayar da ni gida. Kujerar tsakiya aka ba ni, na kusa da taga kuma ya ja labule ya yi barci.