Kiranyen Ɗan Kwara

Da ƙuruciyata na yi kanikanci a ƙarƙashin wani Kwara, mutumin Labanan, a Talata Mafara, muna gyara wa manoman rani injinan ban ruwa. Gajere ne mai tumbi, ga faɗa kamar zakara, amma ba ya kwana da kowa a ransa. Hausarsa ta Sakkwato ce tsantsa, don can ya fara zama kafin ya gangaro wajenmu. An daɗe kafin mutanen gari su yarda Kirista ne. Mutum yana Larabci, yana in sha Allahu, yana alhamdu lillahi, a ce ba Musulmi ba? Tsofaffi dai suka yanke cewa Balarabe ne da ya yi sakaci da salla, wata rana zai gyara.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, ya bar shi can Labanan wurin uwarsa don ya yi karatu. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu sai yaron ya ajiye littafi ya shiga rundunar 'yan bindigar Kiristoci. Daga ranar da labarin ya iso, rediyo bai sake barin gefen maigida ba. Mu ma'aikata da fuskarsa muke gane abin da aka faɗa a labarai. In ya shigo yana zagin sifana, an yi ɓarin wuta ke nan. In ya zagi sifana ya haɗa da ni, to abin ya kai unguwarsu.

A ƙarƙashin inji ya koya mini tarihin ƙungiyar da ɗansa ya shiga, ina miƙa masa kayan aiki. Ya ce da fari taron samari ne masu riga iri ɗaya, suna fareti suna motsa jiki, shi ma ya taɓa sa rigar kafin tumbi ya hana. Daga nan ta zama jam'iyya, ta shiga majalisa, ta samu ministoci. Da yaƙi ya zo ta ɗauki bindiga don tsaron unguwannin Kiristoci. Da ta yi ƙarfi sai ta dubi ƙananan rundunonin Kiristoci 'yan uwanta ta ce su shigo inuwa ɗaya, wanda ya ƙi aka shigo da shi da harsashi. Sai aka kashe jagoran, yaransa suka juya kan junansu, kowa yana cewa shi ne magaji. Na ce masa wannan ai ko a Maradun mun san irinsa, rabon gadon mai gona ne, sai dai namu da sanda ake yi.

Bai yi dariya ba. Ya ce shi duk ba ruwansa da wanda ya gaji wa, ɗansa yake so ya fito da ransa. Ya aika saƙo ya fi a ƙirga, yaro ya ce ba ya barin abokansa. Ranar na ga hawaye a idonsa, ya ce hayaƙin inji ne, alhali injin a kashe yake.

Ni na kawo shawarar kawuna. Malami ne a Damri, ya yi suna wajen kiranye, wato aikin da ake yi wa wanda ya bar gida ya ƙi dawowa, a ɗaga masa hankali har sai ya kamo hanya. Kawu ya taɓa dawo da wani ɗan ci-rani da ya yi aure a Kurmi ya manta da mutanensa, mutumin ya iso ko takalmi babu. Maigida ya ce shi Kirista ne. Na ce kawu bai taɓa tambayar ɓatacce addininsa ba.

Muka tafi ranar kasuwa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da ruwa da zafi, aka sake komawa kan gajiya, maigida yana ta mutsu-mutsu a kan tabarma don durƙuso ba nasa ba ne. Da aka zo ga magana kawu ya saurara, sannan ya ce, "To shi yaron, da su wa yaka yaƙi?"

"Allah gafarta Malam, bara da baƙi sunka yi, waɗanda sunka shigo ƙasar."

"Bana hwa?"

"Bana da 'yan uwansu Kiristoci."

"Waɗanga na wata ƙungiya ta daban?"

"A'a, tasu ta. Ita ɗai ta rabu biyu."

Kawu ya shafa gemu, ya dube ni kamar ni na raba ta. Ya ce, "To ba ni roƙon nasara, don ban san inda za ni aza ta ba. Kira ɗai za ni yi."

Ya nemi sunan yaron da na uwarsa da wata tufa da ya taɓa sawa. Maigida ya ciro wata 'yar rigar sanyi ta ulu da yake ajiye da ita tun yaron yana ƙarami. Kawu ya yanki gefenta ya naɗe a laya, ya rataya a reshen tsamiya ta fuskar gabas, ya ce muddin iska tana kaɗa ta zuciyar mai rigar ba za ta zauna ba. Sannan ya sa maigida ya durƙusa ya cusa kai a bakin wata tsohuwar randa ya kira sunan ɗansa da ƙarfi. Ban taɓa danne dariya irin ta ranar ba. Amma da na ji yadda muryar ta fito daga randar, dariyar ta tafi da kanta.

Aiki ya ci, ba a jima ba. Wata mota ta taso daga Kano ta tsaya a ƙofar gareji, sai ga matar maigida ta fito da akwatuna. Doguwa ce, ta fi shi faɗa, kuma ashe rabin dalilin zamansa a Mafara ke nan. Kafin ta huce gajiya sai ga uwarta. Bayan uwar sai ƙanwar matar da 'ya'yanta, sai wani tsohon kawunsu kurma da ba wanda ya san wa ya gayyato shi. Yaƙi ya kore su duka, kuma duka gidan maigida suka nufo. Mutumin da ke mulkin gida shi kaɗai ya koma kwana a gareji, an hana shi taba, an hana shi gishiri.

Muka koma Damri yana huci. Ya ce, "Malam, ɗa guda nac ce ka kira, ka kwaso min dangi!"

Kawu ko gezau. Ya ce, "Rigar, wa yas saƙa ta?"

"Uwatai."

"Ulun hwa, wa yas saye?"

"Surukata."

"To ka gani. Duk wanda hannunai yat taɓa rigar sai ya zo. Layi aka bi, ka yi haƙuri, ɗanka shina baya."

A hanyar dawowa sai na ji maigida yana lissafa waɗanda suka taɓa wanke rigar, fuskarsa tana ƙara yin fari.

Yaron ya iso lokacin kaka, ana yankan shinkafa. Ɓangarensu aka ci da yaƙi, aka watsa su, wani jirgin ruwa ya fitar da shi. Maigida ya yanka raguna, ya raba nama har Bakura, ya rungume ni har sai da haƙarƙarina ya yi ƙara. Dogon saurayi ne kyakkyawa, hannu biyu ƙafa biyu, ko ƙwarzane babu. Na yi murna ƙwarai, har na fara taƙama da kawuna a kasuwa.

Sai dai yaron ba ya magana. Ya ci abinci in an ba shi, ya zauna inda aka zaunar da shi. Kullum yana bakin magudanar ruwa yana kallon ruwan. Wata rana na tayar da wani inji ya yi tusa da ƙarfi kamar harbin bindiga, kafin in juya ya shige ƙarƙashin teburin aiki ya rufe kai da hannuwa. Uban ya durƙusa yana kiran sunansa, yaron yana dubansa kamar bai taɓa ganinsa ba.

Washegari maigida ya ce in tayar da mota. Ya sa aka loda buhun shinkafa na godiya, muka nufi Damri. Wannan karon ya zauna aka yi gaisuwar duka, bai yi mutsu-mutsu ba. Kawu ya yi masa barka, ya ce ai ya faɗa masa yaron yana baya.

Maigida ya ce, "Na gode, Malam. Jikinai ya zo." Ya matsa kusa da kawu. "In akwai wani kiran, ka taimake ni ka kira min sauranai."

Kawu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Wanga ya fi ƙarfina. Tashi mu roƙa tare, kai da naka, ni da nawa."