Shukar da Na Ɓoye a Gidan Gwaggo

A zamanin shugaban ƙasarmu na farko, lokacin da in an ambaci jandarma sai kowa ya waiwaya, ina saurayi ina koyon ɗinki a unguwar Briqueterie. A gidan gwaggona nake zaune, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwarsa. Kwaɗon rama take sayarwa a ƙofar gida, da shi muke ci. Yanar ido ta fara rufe mata gani, amma hannunta bai manta gishiri ba, har daga unguwar Madagascar ake zuwa da kwano.

Wani yaron mota mai bin hanyar Duwala ne ya ba ni irin wiwi a kwalin ashana. Ya ce ɗan koyo ba ya shuka a fili, in zuba a gwangwani in ajiye cikin ɗaki gefen taga, ƙofa kullum a rufe. In wani ya gani, in ce rama ce, tunda ganyen yana kama. Na ɗauka na samu malami.

Shuka ta fito, siririya, ba kuzari. Ranar da Gwaggo ta shigo shara ta ci karo da gwangwanayen, na ce mata wata irin rama ce aka kawo mini daga Kano. Ta shafa ganyen ta ce bai yi mata kama da wadda ta sani ba, amma ramar Kano ai sai Kanawa. Ba ta ƙara tambaya ba, domin ban taɓa yi mata ƙarya ta kama ni ba.

Wata Juma'a maigidana ya aike ni unguwar Etoudi kai ɗinki. Gwaggo ta ga abin tausayi ne a bar rama cikin duhu, sai ta kwashe gwangwanayen ta jera a ƙofar gida, dab da tirenta, su sha rana. Masu dawowa daga masallaci duk suka wuce ta nan. Cikinsu akwai maƙwabcinmu, tsohon soja, wanda kallo ɗaya ya ishe shi.

Da na dawo na tarar da dattawa a zauren mai unguwa. So suke a kashe maganar a cikin unguwa kafin ta kai kamisariya, wurin 'yan sanda. An tambayi Gwaggo, ta ce rama ce. Tsohon sojan ya ce ta ji tsoron Allah. Nan ta miƙe.

"Wallahi rama ce. Ɗana ne ya faɗa mini, kuma ɗana ba ya ƙarya."

Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Kai, samari, me ka ce?"

Na ce haka aka ba ni, ban san komai ba. Na sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta, amma na tuna bulalar jandarma, na haɗiye.

Aka ƙone shukar a bayan gida, magana ba ta fita unguwa ba. Sai dai a cikin unguwa ta zauna. Aka fara cewa dalilin daɗin kwaɗon ke nan. Mata suka hana 'ya'yansu zuwa. Gwaggo takan fito da tire da hantsi, ta zauna tana korar ƙuda, da la'asar ta mayar da shi a cike. Mu ci mu biyu, sauran a ba awaki. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne an ce ta yi rantsuwa a kan ƙarya, ita da ta yi shekaru tana tara kuɗin Makka.

Kafin damina ta ƙare ta haƙura da sana'ar, ta ce za ta koma wurin 'yarta a unguwar Tsinga. Ni na ɗora kayanta a amalanke, ina turawa tana biye da ni a hankali, riƙe da gefen katakon saboda idon. A kan gangare ta tsaya ta huta.

"Kada ka sa abin a ranka, ɗana," in ji ta. "Kai ma cutarka aka yi. Wanda ya jawo mini wannan, Allah ya gani."

Na ce amin, na ci gaba da turawa.